Jijjiga ragar haske don samar da ruwan tofoloji: ina aka kai, ina aka maƙale?

Wani ɗalibin fiziks da ke shirin digiri na biyu ya aiko da tambaya. Ya ce ya karanta cewa masana suna kama ƙwayoyin zarra masu tsananin sanyi a cikin raga ta hasken leza, sannan su riƙa jijjiga ragar, wai don su samar da ruwa marar tirjiya mai siffar tofoloji. Abu biyu ne suka ɗaure masa kai. Na farko, yaya za a sha wahalar sanyaya abu har kusa da ƙarshen sanyi, sannan a koma ana girgiza shi, alhali kowa ya san girgiza zafi take haifarwa? Na biyu, an riga an samar da wannan ruwa, ko har yanzu a takarda yake?

Ɗan'uwa, tambayarka ta farko ta taɓa gyambon aikin gaba ɗaya, kuma ita ce amsar ta biyun. Jijjiga ta ba mu tofoloji cikin sauƙi, an yi wannan an gani tun 2014. Zarra masu haɗuwa bibbiyu su kwarara ba tirjiya, wannan ma an yi tun kusan 2004. Abin da ya gagara shi ne a haɗa su biyun a tukunya ɗaya, a riƙe su har a auna. Zuwa lokacin da nake wannan rubutu, babu ɗakin gwajin da ya nuna cikakken ruwan tofoloji na famiyon (nau'in ƙwayoyi irin su ilektaron) a zarra masu sanyi, irin wanda ke ɗauke da abin da ake kira Majorana a gefensa. Bari in warware maka dalilin a hankali.

Ruwa marar tirjiya tsohon labari ne. A ƙarshen 1937 Pyotr Kapitsa a Mosko, da John Allen da Don Misener a Kambirij, suka ga hiliyom-4 yana ratsa ƙananan kafofi kamar ba shi da kauri ko kaɗan idan an sanyaya shi ƙasa da kelbin 2.17 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi). Dalilin shi ne ƙwayoyin hiliyom-4 boson ne, wato irin ƙwayoyin da ba sa ƙyamar cunkoso, dubun dubatarsu na iya shiga hali guda na kwantam su zama igiya ɗaya. Famiyon kuwa, irin su ilektaron da hiliyom-3 da potasiyom-40 da litiyom-6, dokar Pauli ta hana biyu masu kama ɗaya zama a hali guda. Hanyar da suke bi su kwarara ba tirjiya ita ce su haɗu bibbiyu, ma'auratan su yi halin boson. Haka ilektaron ke yi a ƙarfen da ke wuce da lantarki ba asara, haka kuma hiliyom-3 ya yi a gwajin Osheroff da Richardson da Lee a jami'ar Cornell a 1972, a sanyin da bai kai kashi 3 cikin 1000 na kelbin ba.

Tofoloji kuma fannin lissafi ne da ke kula da abin da ba ya canzawa idan ka murɗa abu ko ka miƙe shi ba tare da ka yaga ba. Zobe na da rami ɗaya. Lanƙwasa shi yadda kake so, ramin na nan, sai in ka yanke shi. Babu zobe mai rami ɗaya da rabi. A 1980 Klaus von Klitzing ya auna wani abu a siririn shimfiɗar ilektaron cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ya ga ma'aunin yana hawa mataki-mataki, kowane mataki daidai har abin ya ba da mamaki, duk da dattin da ke cikin samfurin. A 1982 David Thouless da abokan aikinsa suka nuna cewa matakan nan ƙidayar wani ƙulli ne da igiyoyin ilektaron suka ɗaura, lambar da ake kira lambar Chern. Tun da ƙidaya ce, ɗan datti ba ya taɓa ta. Kuma duk inda abu mai ƙulli ya yi iyaka da abu marar ƙulli, dole a sami hanya a bakin iyakar, wadda ƙwayoyi ke bi ta fuska ɗaya kawai, ba sa komawa baya.

To, ruwan tofoloji shi ne ruwa marar tirjiya wanda ma'auratansa suka ɗaura irin wannan ƙulli. Abin da ke fitowa a gefensa, ko a idon guguwar da ke cikinsa, ya fi na ilektaron ban mamaki. Kamar an raba famiyon ɗaya gida biyu ne, rabi a wannan ƙarshe, rabi a wancan. Ana kiran kowane rabi da sunan Ettore Majorana, wanda ya rubuta lissafin ƙwayar da ita ce kishiyar kanta a 1937. Nicholas Read da Dmitry Green sun nuna a 2000 cewa irin wannan rabi na zaune a idon guguwar ruwan tofoloji mai shimfiɗa, Alexei Kitaev kuma ya nuna a 2001 cewa sarƙa guda mai layi ɗaya za ta ajiye rabi a kowane ƙarshenta. Abin da ya sa ake kwaɗayinsu shi ne bayanin da aka ajiye a tsakanin rabi biyu masu nisa da juna ba ya nan ba ya can, don haka hayaniyar da ta taɓa wuri ɗaya ba ta iya goge shi. Masu neman kwamfutar kwantam mai juriya shi suke hange.

Za ka iya cewa ai hiliyom-3 yana nan, kuma masana sun yarda ruwan tofoloji ne. Gaskiya ne. Amma hiliyom-3 yadda Allah ya yi shi haka za ka karɓe shi, ba ka da maɓallin ƙara ƙarfin haɗuwar ƙwayoyinsa yadda kake so, ba ka kuma iya ganin ƙwaya ɗaya-ɗaya. A ɓangaren siraran wayoyi na lantarki kuwa an sha jin an ga Majorana, daga baya a gano datti ne ya kwaikwayi alamar. Har wata takarda da ta fito a mujallar Nature a 2018 sai da aka janye ta a 2021. Wannan ne ya sa mutane suka ce bari a gina abin daga tushe, a wurin da babu datti, inda kowane sashe na lissafin yake da maɓallinsa.

Ga yadda wurin yake idan ka shiga. Teburi ne mai nauyi cike da madubai, a tsakiyarsa ɗan akwatin gilashi ko na ƙarfe da aka zuƙe iskarsa. Ana fara rage gudun zarra da hasken leza, sannan a bar mafi zafinsu su tsere daga tarkon, waɗanda suka rage su ƙara sanyi. Da wannan hanya Eric Cornell da Carl Wieman suka kai rubidiyom-87 wajen nanokelbin 170 (nanokelbin kashi ɗaya ne cikin biliyan na kelbin) a Boulder ta Amurka a 1995, Deborah Jin da Brian DeMarco kuma suka kai famiyon na potasiyom-40 halin kwantam a 1999. Ragar kuwa ba waya ba ce. Haske ne ake harbawa ya bugi madubi ya dawo ta kan kansa, sai ya zama layi-layin haske da duhu a tsaye cik. Idan tsawon igiyar lezar nanomita 1064 ne, tsakanin rami da rami nanomita 532 ne. Ka gicciya irin wannan haske biyu ko uku, sai ka sami ramuka a jere kamar na lu'ulu'u, murabba'i ko mai kusurwa shida irin saƙar zuma. Zarra na faɗawa ramukan, amma da yake igiya ce, tana iya ɓullawa ramin maƙwabta ba tare da ta haura bangon ba. Wannan tsallake shi ne jinin jikin abin, kuma yawanci yana faruwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kowane gwaji yana cin daƙiƙoƙi goma zuwa talatin, a ɗauki hoto ɗaya wanda ke tarwatsa gajimaren zarra, a sake sabon lale. Zanen da ka gani a takarda mai ɗigo hamsin, kwanaki aka yi ana tara shi.

Matsalar ita ce zarra ba ta da cajin lantarki. Ilektaron idan ya zaga da'ira a cikin maganaɗisu, igiyarsa takan dawo da ɗan sauyi. Ɗauka kowace igiya tana riƙe da hannun agogo, wanda ya zaga ta dama hannunsa ya yi gaba, wanda ya zaga ta hagu hannunsa ya yi baya. Daga wannan bambanci na dama da hagu ƙullin ke samuwa. Zarra marar caji kuwa ko a jikinta, maganaɗisu ba ya karkata tafiyarta ta wannan hanya. Dole a ƙirƙiro mata maganaɗisun ƙarya, kuma a nan jijjiga ta shigo.

Kapitsa ɗin nan dai ya bayyana wani abu a 1951 da zai taimake ka. Sandar da aka maƙala da ƙusa a ƙasanta, in ka tsayar da ita kanta a sama, faɗuwa za ta yi. Amma in ka riƙa jijjiga ƙusar sama da ƙasa da sauri sosai, sandar sai ta tsaya a miƙe, ko ka ɗan ture ta ta dawo. Ba a canza nauyinta ba, ba a ɗaure ta ba. Sandar ba ta iya bin kowace jijjiga ɗaya-ɗaya, sai ta ji matsakaicinsu kawai, kuma matsakaicin ya zama sabuwar doka da ba ta nan a da. Lissafin irin wannan motsi mai maimaita kansa ya samo asali daga Gaston Floquet, Bafaranshe, a 1883, shi ya sa ake kiran sana'ar da sunansa.

A aikace, madubin da ke mayar da hasken ake ɗorawa a kan ɗan dutsen da ke miƙewa ya tsuke idan an ba shi lantarki. Madubin ya yi gaba da baya, ragar duka ta bi shi. Ko kuma a ɗan bambanta saurin bugun igiyar hasken biyu da suka haɗa ragar. A Pisa ta Italiya, a 2007, ƙungiyar Ennio Arimondo da Oliver Morsch ta jijjiga raga mai layi ɗaya ta auna tsallaken zarra. Da aka ƙara ƙarfin jijjiga, tsallaken ya riƙa raguwa bisa wata lanƙwasa ta lissafi da ake kira Bessel, har ya mutu ƙurmus lokacin da ma'aunin ƙarfin ya kai wajen 2.4. Ana girgiza ragar iya ƙarfi, zarra kuwa sun daskare a ramukansu. Da aka wuce nan sai tsallaken ya dawo amma alamarsa ta juye, gajimaren ya koma zama a halin da a da shi ne mafi tsadar kuzari. Duk wanda ya fara ganin hoton nan a allonsa sai ya sake duba wayoyinsa, yana zaton wani abu ne ya kwance.

Jijjiga ta gaba da baya ba ta bambanta dama da hagu. Amma in ka jijjiga ta fuska biyu, ɗaya tana bin bayan ɗaya da rubu'in zagaye, sai kowane rami ya riƙa zana ƙaramar da'ira. Yanzu akwai dama, akwai hagu. A cikin zagaye ɗaya zarra na iya yin tsallake biyu a jere, ta sauka a ramin da ke bayan na maƙwabcinta, kuma hannun agogonta zai yi gaba ko baya gwargwadon ko ta bi juyin ragar ko ta saɓa masa. Wannan shi ne ainihin abin da Duncan Haldane ya zana a takarda a 1988, yana neman tofoloji ba tare da maganaɗisu na waje ba, a lokacin shi kansa bai sa ran za a gina shi ba. Ƙungiyar Tilman Esslinger a Zurik ta gina shi a 2014 da potasiyom-40 a ragar saƙar zuma, ana juya ta wajen sau 4000 a daƙiƙa. A Munik ta Jamus da kuma jami'ar MIT ta Amurka an bi wata hanyar a 2013, inda haske biyu ke taimaka wa tsallaken yana murɗa hannun agogon, kuma a 2015 Monika Aidelsburger da abokan aikinta a ƙungiyar Immanuel Bloch suka auna lambar Chern kai tsaye, suka sami 0.99 inda lissafi ya ce 1.

A nan ne masu rubuta kanun labarai ke yawan zarce gona da iri. Duk waɗannan gwaje-gwaje sun nuna cewa hanyar da zarra ɗaya ke bi tana da ƙulli. An ma zaɓi yanayin da zarra ba sa damun juna sosai da gangan. Ruwa marar tirjiya kuwa ba ya samuwa sai zarra sun yi hulɗa mai ƙarfi. An gina titin, ba a kawo ma'auratan ba.

Haɗa famiyon bibbiyu ba shi ne wahalar ba. Akwai wata dabara da ake kira Feshbach, inda ake murɗa maganaɗisu na gaske har a kai wani ma'auni da zarra biyu ke jan juna da ƙarfi, wajen gaus 202 a potasiyom-40, wajen 832 a litiyom-6. Da ita aka sami ma'aurata a Boulder a 2004, kuma a 2005 Martin Zwierlein da Wolfgang Ketterle a MIT suka juya gajimaren litiyom suka ga guguwoyi a jere, shaidar da ba ta da ja cewa ruwan ba shi da tirjiya. Sai dai wannan aure tsakanin zarra mai sifin sama ne da mai sifin ƙasa. Sifin kamar ƙaramar allurar kamfas ce a jikin kowace ƙwaya. Irin wannan haɗi, da ake yi wa laƙabi da harafin s, zagayayye ne ta kowace fuska, ba shi da ƙulli. Wanda ake nema shi ne na harafin p, inda famiyon biyu masu sifin iri ɗaya ke haɗuwa. Tun da Pauli ya hana su taɓa juna, sai dai su riƙa zaga juna, kuma idan duk ma'auratan suka zaga ta fuska ɗaya, ƙullin ya ɗauru.

Hanya mafi miƙewa ita ce a nemi Feshbach na harafin p. Akwai shi, a potasiyom-40 yana wajen gaus 199, an gan shi tun 2003. Amma da zarar ma'auratan sun haɗu da zarra ta uku, sai biyu su faɗa cikin ɗauri mai zurfi, kuzarin da ya fita ya watsar da su duka daga tarkon. Cikin 'yan kashi dubu na daƙiƙa gajimaren ya ƙare, ruwan bai ma fara haɗa kansa ba. A 2023 ƙungiyar Joseph Thywissen a Toronto ta kulle zarra bibbiyu a ramukan raga mai zurfi don kada ta ukun ta iso, kuma ma'auratan suka daɗe har kusan sau hamsin fiye da a sarari. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai ma'auratan da aka kulle a ɗaki ba sa kwarara, ranar da ka buɗe ƙofa don su kwarara, ta ukun ma ta shigo.

Hanya ta biyu wayo ce: a bar haɗin s mai lafiya, a yaudare shi ya yi aikin p. Ana ɗaure sifin zarra da fuskar tafiyarta, mai tafiya gabas allurarta ta kalli wani wuri, mai tafiya yamma ta kalli kishiyarsa, sannan a ƙara wani ƙarfi da ke fifita sifin ɗaya. Idan wannan fifiko ya wuce wani mizani da ƙarfin auren da yawan zarra suka ƙayyade, sai a wayi gari nau'in famiyon ɗaya ne kawai ya rage a fagen, kuma aurensa ya ɗauki siffar p. Ian Spielman da mutanensa sun ɗaure sifin da tafiya a boson a 2011, aka yi wa famiyon a Taiyuan ta Sin da MIT a 2012. Amma hasken da ke yin wannan ɗauri yana kusa da launin da zarra ke sha, lokaci-lokaci zarra ta haɗiye shi ta tofar, kuma kowace tofarwa ɗaya ta fi ƙarfin zafin da ake ƙoƙarin riƙewa nesa ba kusa ba. Abin ya fi muni a litiyom, wanda shi ne ya fi kowa iya aure. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa jijjiga ta yi farin jini: madubi mai motsi ba ya tofar da haske. Ana iya jijjiga ragar daidai da tazarar hawa na farko da na biyu na kuzarin ramin, hawa biyun su cuɗe, su tsaya a madadin sifin sama da ƙasa.

Akwai wani tarko da na ga ɗalibai da yawa sun faɗa, har da ni a farkon karatuna. Mutum zai ce, tun da an gina tsarin Haldane, ai sai a zuba sifin sama da ƙasa daidai wa daida, a kunna jan juna, shi ke nan. Lissafin zai iya ba ka ruwa mai lambar Chern, ka yi murna. Amma duba lambar. Muddin sama da ƙasa suna daidai kuma babu abin da ya bambanta su, lambar da ke fitowa mai rabuwa biyu ce, wato Majorana bibbiyu suke zuwa a wuri ɗaya, kuma rabi biyu a wuri ɗaya famiyon ne na yau da kullum. Sai lambar ta zama mara, kamar 1, ake samun rabi guda shi kaɗai a idon guguwa. Don haka duk takardar da ta ce maka ruwan tofoloji, fara tambayar lambarta.

Yanzu ga zafin da ka tambaya. A tsarin da ba a taɓawa, kuzari ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A tsarin da ake jijjigawa, zarra na iya karɓar kuzari daga jijjigar, amma dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule gwargwadon saurin jijjigar. Zarra ɗaya tilo sau da yawa ba ta da inda za ta kai dunƙulen, sai ta bar shi. Amma biyu da suka yi karo suna iya raba shi a tsakaninsu. Kenan hulɗar da muke buƙata don aure ita ce ƙofar da zafi ke shigowa. Kuma gajimaren a rataye yake cikin fanko, ba ya taɓa komai. Wannan ne ya sa yake da tsabta, wannan ne kuma ya sa duk zafin da ya shiga ba shi da mafita. In aka bar shi ana ta jijjiga, ƙarshensa ya zama hargitsi marar siffa.

Masu lissafi, irin su Dmitry Abanin da abokansa, da Takashi Mori da nasa, sun nuna wajen 2015 zuwa 2017 cewa idan jijjigar ta fi duk wani motsi na cikin tsarin sauri sosai, shan zafin yana raguwa matuƙa, domin sai zarra da yawa sun haɗa kai lokaci guda kafin su iya haɗiye dunƙule ɗaya. Ana samun dogon lokaci da tsarin ke bin sabuwar dokar kafin ya lalace, kuma an ga hakan a gwaji a Munik a 2020. Sai ka ce to a ƙara sauri mana. Abu biyu ne suka tare hanya. Ramin ragar yana da hawa na sama, yawanci tazarar dubun-dubatar bugu a daƙiƙa, in jijjigarka ko ninkinta biyu ko uku ya yi daidai da wannan tazara, sai ta kwashe zarra ta watsa sama. Na biyun ya fi ciwo: tsallake biyun nan da ke ɗaura ƙullin yana raguwa yayin da jijjiga ke ƙara sauri, domin zarra ba ta samun sukunin yin tsallake biyu a zagaye ɗaya. Gaba kura, baya sayaki.

Bari mu sa lambobi, na misali ne kawai don ka ga girman abin. Ɗauka tsallake sau 500 ne a daƙiƙa, jijjiga sau 5000. Ƙarfin sashen da ke ɗaura ƙulli kusan tsallake sau tsallake ne a raba da jijjiga, wato 500 sau 500 a raba da 5000, ya ba da 50. In aka mayar da shi ma'aunin zafi, bugu 1000 a daƙiƙa daidai yake da wajen nanokelbin 48, don haka 50 bai kai nanokelbin 2 da rabi ba. Giɓin kuzarin da ke kare Majorana a irin wannan tsari yana nan wajen wannan ma'auni ko ƙasa da shi, kuma dole zafin gajimaren ya yi ƙasa da giɓin sosai. A ɗaya gefen, gwajin Harvard na 2017 da aka yi ta yabo saboda sanyinsa ya kai famiyon a raga zafin rubu'in ƙarfin tsallake. A misalinmu rubu'in 500 shi ne 125, wajen nanokelbin 6. Kuma wannan ragar ba a jijjiga ta. An ci gaba da rage wannan zafi tun daga lokacin, amma ka ga inda gizo ke saƙar: ana neman ƙasa da 2 yayin da ake girgizawa, alhali 6 a zaune lafiya sai da aka yi gumi.

Ana ta neman magani. A Zurik, a 2021, an nuna cewa idan aka ƙara jijjiga ta biyu mai ninkin saurin ta farko, aka daidaita ta da kyau, hanyoyi biyun da ke kai zarra hawa na sama sai su soke juna, asarar ta ragu sosai. Wasu na sake fasalin ragar don hawa na sama ya yi nisa. Wasu sun bar jijjiga sun koma ga ƙwayoyin haɗin sodiyom da potasiyom, waɗanda ke jan juna daga nesa ba sai sun taɓa ba. A ganina, wanda zai fara cin nasara ba lallai ya zama mai jijjiga mafi gwaninta ba, sai wanda ya samo hanyar kwashe zafi yayin da ake jijjigar, misali ta nutsar da famiyon a cikin wani gajimaren boson mai sanyi da zai riƙa shanye shi.

Da boson kuwa an yi nisa, kuma a nan ne rikicin suna ke faruwa. A 2015 ƙungiyar Ketterle ta sanya dunƙulallen gajimaren boson a raga mai maganaɗisun ƙarya mai ƙarfi, ya kuma riƙe halinsa na ɗan lokaci. A Hambug, Andreas Hemmerich ya ɗora boson a hawa na biyu na raga tun 2011, inda suka nuna alamar zaga ramukansu ta fuska ɗaya, kuma a 2021 wani gwaji a Shenzhen ya kawo shaidar irin wannan ruwa mai juyi wanda motsin cikinsa ke da ƙulli. Na Hambug da na Shenzhen ba jijjiga suka yi amfani da ita ba, zurfin ramuka suka sauya farat ɗaya. A 2023 kuma ƙungiyar Markus Greiner a Harvard ta gina halin tofoloji mai hulɗa ta gaske a raga mai maganaɗisun ƙarya, amma da zarra biyu kacal a ramuka 16. Kada ka raina biyun nan, sun nuna iyakar abin da ake iya riƙewa kafin zafi ya ci ƙarfinsa. Duk waɗannan ayyuka ne na gaske, sai dai boson ba ya ba da Majorana.

Wani abin da ya sa ba a haƙura da jijjiga ba shi ne tana ba da abin da tsarin da ke zaune ba zai taɓa bayarwa ba. A 2011 Liang Jiang da abokan aikinsa suka zana yadda za a yi sarƙar Kitaev da zarra, inda layin famiyon ke aron ma'aurata daga wani gajimare da ke kusa. A cikin lissafin suka ga cewa idan ana jijjiga sarƙar, Majorana iri biyu ne ke iya fitowa a ƙarshenta. Ɗaya na yau da kullum, ɗayan kuma alamarsa tana juyewa a kowane zagaye, sai bayan zagaye biyu take komawa yadda take. Iri biyun na iya zama a ƙarshe ɗaya ba su haɗe sun soke juna ba, domin jijjigar ce da kanta ta raba su.

Ko da an samar da ruwan gobe, da sauran rina a kaba wajen tabbatar da shi. Ba a iya maƙala wa gajimaren zarra waya a auna lantarki. Tarkon da aka saba amfani da shi kamar kwano yake, gefensa a kwance, yawan zarra na raguwa a hankali, don haka babu takamaiman baki da Majorana zai zauna. Sai an yanka bango mai kaifi da haske, kuma a Munik an nuna a 2024 cewa ana iya ɗora zarra a irin wannan bango a ga suna bin gefen ta fuska ɗaya. Sannan lissafin Kitaev ya ɗauka akwai rumbun da ma'aurata ke shiga suna fita, alhali a tarko yawan zarra a ƙidaye yake, shi ya sa ake buƙatar gajimare na biyu ko layi biyu masu musayar ma'aurata. Abin da ke hannunmu mai ƙarfi shi ne madubin da ke ganin zarra ɗaya-ɗaya a kowane rami, wanda aka fara da boson a 2009, aka kai ga famiyon a 2015. Alamar kuzarin sifili a ƙarshen sarƙa, wadda ake tsammani daga Majorana, ba za ta gamsar da kowa ba, masu wayoyin lantarki sun riga sun koya mana wannan darasi. Shaidar da za a karɓa ita ce alaƙa tsakanin ƙarshe biyu masu nisa, wadda ke ɓacewa daidai lokacin da aka juya maɓallin jijjigar aka tsallaka iyakar da lissafi ya ce ƙullin zai kwance, ta kuma dawo idan an mayar da shi.